Word, Markdown ko Sphinx: yadda muka sha ja-in-ja kafin mu daidaita kan rubutun bayanan manhajarmu

Manhajar tamu ba wata babba ba ce, ta masu kemis ce. Tana riƙe lissafin maganin da ya shigo da wanda ya fita, tana tuna wa mai shago wanda ya kusa lalacewa tun kafin ranar ta zo, ga wajen saka lambar NAFDAC ta kowane magani, ga kuma littafin bashi wanda a gaskiya shi masu shago suka fi so a cikinta. 'Yan sa-kai ne mu, wasu a Kano wasu a Zariya, mutum ɗaya a Maraɗi, kowa da aikinsa na neman abinci, sai da daddare ko ƙarshen mako ake taɓa ta. Kod ɗin tun farko a GitHub yake, wato shafin intanet da masu manhaja ke ajiye rumbun kod ɗinsu, ba a taɓa musu a kan wannan ba. Bayanin yadda ake amfani da ita ne ya watse mana.

Akwai jagora a Word da Anti ta rubuta, ita ce ke zagayawa shaguna tana koya wa mutane, kuma ta yi aikin kemis shekara da shekaru kafin ta shigo cikinmu. Fayil ɗin nan ya hayayyafa a guruf ɗinmu na WhatsApp, akwai "jagora sabo" akwai "jagora sabo na ƙarshe" akwai "na ƙarshe gyararre", ba wanda zai iya rantsuwa a kan wanne ne na gaskiya. Akwai wani rubutu a Google Docs da ɗan bautar ƙasarmu ya fara bai gama ba. Akwai README, fayil ɗin gabatarwa da ke tare da kod, da turanci wanda ya tsaya tun zamanin da manhajar ba ta da littafin bashi. Sauran ilimin kuwa, wanda ya fi yawa ma, yana cikin saƙonnin murya, Anti ta yi bayani minti bakwai mai kyau wallahi, amma bayan sati biyu in kana nema sai dai ka yi ta jan allo sama har yatsa ya gaji. Abin da ya sa aka tashi tsaye shi ne mun canza yadda ake shigar da ranar lalacewar magani, daga rana da wata da shekara zuwa wata da shekara kawai kaman yadda yake a jikin yawancin kwalaye, wani mai shago kuma yana riƙe da tsohuwar takarda yana bi, ya kira Anti yana faɗa wai manhaja ta lalace.

Aka sa mitin. Ni aka ɗora wa rubuta abin da aka tsayar saboda wai na fi kowa haƙurin rubutu.

Zaman farko ba abin da ya fito a ciki sai kowa ya kawo abin da ya saba da shi yana yabo, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Anti ta ce a bar ta da Word ɗinta, kowa ya iya, ana bugawa a takarda a kowane shagon kwamfuta, kuma masu kemis takarda suke so su manna a bango. Babban cikinmu, wanda muke kira Malam, ya daɗe yana aiki da yaren kod na Python, shi Sphinx yake so, manhajar da ke mayar da fayilolin rubutu shafukan bayani, kuma hujjojinsa ba na wasa ba ne: Georg Brandl ya ƙirƙire shi a 2008 dan rubuta bayanan Python ɗin kanta, mutanen Linux ma sun koma kansa a 2016, yana iya zaƙulo bayani daga cikin kod kai tsaye, in ka yi nuni daga wani shafi zuwa wani kuma aka goge wancan zai yi maka gargaɗi, sannan yana da hanyar fassara ta gettext da aka daɗe ana amfani da ita. Ɗan bautar ƙasa ya ce ai duk wannan tsohon yayi ne, Docusaurus za a ɗauka, na Facebook ne ya fito 2017, ya buɗe mana wasu shafuka da aka yi da shi, kyau kam akwai kyau. Mutumin Maraɗi ya ce AsciiDoc, wani salon rubutu da alamomi, tunda shi kansa Git, manhajar da ke riƙe tarihin duk canjin da aka yi wa fayil, da shi aka rubuta bayanansa. Ni kuma Markdown nake so, rubutu zalla da 'yan alamomi, da MkDocs mai mayar da shi shafin intanet, ba dan komai ba sai dan fayil ɗaya ne tak na saiti, ka buga umarni ɗaya shafi ya buɗe a burauzarka.

Maganar Word ce ta fi ɗaukar lokaci kuma gara da ta ɗauka, dan da an yi mata rufa-rufa Anti za ta ji kaman an raina aikinta ne. Malam ya buɗe laftof ya canza sunan fayil ɗin jagorarta daga docx zuwa zip, ya buɗe, sai ga tarin fayilolin XML a ciki. Ya ce Anti kin gani, wannan shi ne ainihin abin da ke ciki, Git in ya kalle shi dunƙule ɗaya yake gani, in kin gyara harafi ɗaya ba zai iya nuna mana wane layi kika taɓa ba, in ni da ke muka gyara rana ɗaya dole a zubar da na mutum ɗaya. Ta ce to Google Docs fa, ai ana gyarawa tare. Haka ne, amma matsalarmu ba ta gyarawa tare kaɗai ba ce. Manhaja tana canzawa, wani shago yana kan sabon fitowa wani yana kan tsohon, muna so bayanin ya zauna rumbu ɗaya da kod ɗin yadda duk ranar da aka fitar da sabo to bayaninsa na manne da shi, in aka koma baya ma a ga bayanin wancan lokacin. Kuma wanda ya canza allo ya canza bayanin a cikin PR ɗaya, wato buƙatar a haɗa gyara cikin rumbu, mai dubawa ya ga duka biyun. Ta yi shiru ta ce ta ji, amma ita ba ta da laftof a hannu kullum, a waya take yawancin rubutunta, a cikin adaidaita ko tana jiran mai shago ya sallami mutane.

Wannan maganar tata ita ta juya mitin ɗin gaba ɗaya. Na ce mu ajiye sunayen kayan aiki tukuna, mu fara rubuta su waye za su yi rubutun da kuma a wane hali. Da muka lissafa sai ya bayyana ƙarara cewa mu masu kod, da muke ta ɗaga murya, mu ne mafi ƙarancin rubutu. Anti da wata ɗalibar harhaɗa magunguna a Zariya su ne suka san abin da ke rikita masu shago, su ne za su rubuta mafi yawan shafukan, kuma dukansu a waya suke, data ta tsada, netwok na zuwa na tafiya, wuta kuwa ba a magana. To in kayan aikin ya yi wa masu kod daɗi ya yi musu wuya, ƙarshenta za a koma saƙon murya ne kawai, rumbu ya zauna fes ba komai a ciki.

Dan haka muka yarda a gwada maimakon a yi ta cacar baki. Shafi ɗaya muka zaɓa, yadda ake karɓar sabon kaya daga dila a shigar, yana da take da matakai masu lamba da hoto ɗaya da ɗan jadawali da mahaɗi zuwa wani shafin. Aka ce Anti ta rubuta shi a wayarta ta burauza, ta alamar fensirin nan da GitHub ke sawa a saman kowane fayil, sau ɗaya da Markdown sau ɗaya da reStructuredText wanda Sphinx ke amfani da shi, ba wanda zai taɓa mata waya, sai dai a ba ta samfuri ta kalla. Docusaurus tun kafin gwajin ya faɗi, dan ɗan bautar ƙasa da ya zo ɗora shi a laftof ɗin ɗalibar Zariya, foldar da Node, manhajar da yake aiki a kanta, ke saukewa ita kaɗai ta fi manhajarmu nauyi nesa ba kusa ba, data ta ƙare ana tsakiya. AsciiDoc kuma mai shi da kansa ya janye, ya ce shi kaɗai ya iya a cikinmu ba zai ɗora wa kansa ba.

Na reStructuredText ya ba ta wahala a wuraren da mu ba ma ko lura da su. Take sai an ja masa layi a ƙasa da alamomi, kuma layin dole ya kai tsawon taken, in ya gaza Sphinx ya yi ƙorafi, a waya kuwa ƙirga wannan aiki ne. Mahaɗi yana son wata 'yar alama mai karkata baya wadda sai ka shiga shafi na biyu ko na uku na kibod kafin ka same ta, sannan ga layin ƙasa a ƙarshe. Hoto yana son ɗigo biyu da sarari da kalma da ruwa biyu sau biyu. Ta aiko saƙo a guruf ta ce Malam wannan abin naka sai mai carbi. Markdown kuwa ta gama shi kafin la'asar, ta ce ai kusan irin na WhatsApp ne, tauraro a gefe da gefe. Kusan ne dai, ba daidai ba: a WhatsApp tauraro ɗaya ke kaurara rubutu, a Markdown ɗaya karkatarwa yake sai biyu ne ke kaurarawa, wannan har yau tana mantawa wani lokaci mu gyara.

Malam bai saki nan take ba, ya kawo MyST, wato ka rubuta Markdown amma Sphinx ya gina. A ganina shawara ce mai kyau kuma da mun bi ta ba za mu yi asara ba. Abin da ya kayar da ita tambaya ɗaya ce da ɗalibar Zariya ta yi, ta ce Malam in ka yi tafiya wata biyu abin ya tsaya wa zai gyara? Saitin Sphinx fayil ɗin Python ne, shi kaɗai ya san lungunansa, kuma PDF ɗin da yake ta yabo sai an ɗora manhajar tsara bugu ta LaTeX wanda cikakkensa gigabait ne ba ɗaya ba ba biyu ba. Saitin MkDocs kuwa mutum huɗu a cikinmu za su iya karantawa su gane. Ya yi dariya ya ce shikenan kun ci, amma ku rubuta a takarda cewa ranar da fassara ta yi muku yawa za ku neme ni. Na rubuta, dan gaskiyarsa ce.

Ni na ɗauka an gama ke nan. Ashe zaɓen suna shi ne mai sauƙin, ƙananan abubuwan da ke ƙarƙashi su ne aikin.

Na farko, Markdown ba guda ɗaya ba ne. John Gruber ya fitar da shi a 2004 da bayani mai sako-sako, kowa ya gina nasa fahimtar, har sai 2014 wasu suka fito da CommonMark dan a samu ƙa'ida tsayayya, GitHub ya ɗora nasa a kan wannan ya ƙara jadawali da wasu abubuwa. Shi kuma MkDocs da Python-Markdown yake aiki wanda ba CommonMark yake bi ba. Sakamakon shi ne Anti za ta duba shafinta a GitHub ta ga komai lafiya, in aka gina shafin sai matakanta su cure wuri ɗaya. Dalili biyu muka gano: Python-Markdown yana son layi fanko kafin a fara jeri, kuma jeri a cikin jeri yana son sarari huɗu, alhali GitHub na karɓar biyu. Muka sa doka, layi fanko kafin kowane jeri, sarari huɗu kullum, dan waɗannan suna aiki a duka wuraren biyu. Kuma muka ce kar a yi jeri a cikin jeri a cikin jeri, in bayani ya kai haka to shafi biyu ne aka cusa a ɗaya.

Na biyu shi ne wanda aka fi yi mini tawaye a kai: jimla ɗaya, layi ɗaya. Wato in ka kai aya ka sauka sabon layi ko da sakin layin bai ƙare ba. A shafin da aka gina ba a ganin komai, jimlolin na haɗewa su zama sakin layi ɗaya yadda aka saba, amma a fayil ɗin rubutun sai ya yi kama da waƙa. Anti ta ce wannan wane irin rubutu ne kuma. Na nuna mata a aikace, na ɗauki sakin layi mai jimla shida a layi ɗaya na canza kalma ɗaya, Git ya nuna duk sakin layin ya yi ja ya sake yin kore, a ƙaramin allon waya sai ka ƙura ido kafin ka ga abin da aka taɓa. Na sake yi da jimla ɗaya a layi, layi ɗaya tak ya canza. Kuma in ita ta gyara jimla ta farko ɗalibar Zariya ta gyara ta biyar, Git na haɗawa da kansa ba rikici, wanda da a layi ɗaya suke sai an zauna rabon faɗa. Daga ranar ba ta sake magana a kai ba, yanzu ma ita ke kama ni in na manta.

Sai haruffanmu masu ƙugiya. Nan na tsaya kai da fata cewa a rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda suke, fayil duka UTF-8, dan takardar da za a ba mai kemis bai kamata ta zama irin rubutun hirar waya ba. Gboard na da Hausa, ka danne k ka riƙe ƙ ta fito, ba wani uzuri. Amma ƙugiyar ta zo da nata rigimar. Mun rubuta take "Ƙara kaya", MkDocs ya ƙirƙiri adireshin taken da kansa, sai ga shi ya fito ara-kaya, dan hanyar da yake bi ta asali tana zubar da duk harafin da ba ta iya mayarwa na turanci ba, ɗ da ɓ ma haka suke ɓacewa. Duk mahaɗin da aka rubuta da hannu zuwa irin wannan taken ya mutu. Akwai saitin da ke barin haruffan a adireshi, amma in ka kwafi irin wannan adireshin ka tura wa mutum sau da yawa sai ya koma tarin alamar kashi-ɗari da lambobi, ba kyan gani. Muka zaɓi kowane take mai ƙugiya a ba shi suna da hannu a gefensa, ba ƙugiya, kuma ko an canza taken daga baya sunan nan ba ya canzawa. Sunayen fayil ma haka, ƙananan haruffa, ba ƙugiya, ba sarari, karan ɗori a tsakanin kalmomi. Ƙananan haruffan ba kwalliya ba ce, Windows ba ya bambanta Hoto da hoto amma Linux da ke gina shafin yana bambantawa, sai hoto ya fito a laftof ɗinka ya ƙi fitowa a intanet kai ta mamaki.

Harafin 'y ya kawo wata muhawarar daban. Mu a Najeriya da alamar ɗauri muke rubutawa, 'ya'ya, 'yan kasuwa, su kuma a Nijar ƴ suke sawa. Mutumin Maraɗi ya ce shi dai haka aka koya masa a makaranta. Ba wanda ya yi kuskure a cikinmu, amma akwatin bincike bai san wannan ba, a wajensa kalmomi biyu ne daban. Tunda yawancin shagunan a Kano da Zariya suke muka tsaya kan 'y, shi kuma aka ce in an zo buga na Nijar a sauya da umarni ɗaya lokacin ginawa. Har ila yau alamar ɗaurin kanta sai da aka yi mata doka, dan Word na lanƙwasa ta da kansa, a farkon kalma ma juya ta yake ta zama alamar buɗe zance, to tsohuwar jagorar Anti cike take da iri uku. Miƙaƙƙiya ta kibod muka ɗauka, na bi da bincika-ka-sauya na share sauran.

Ita tsohuwar jagorar ba mu sake buga ta da hannu ba, Pandoc, manhajar sauya nau'in fayil, ya juya mana ita daga docx zuwa Markdown har da ciro hotunan zuwa folda, sai gyaran hannu da ya rage. Hotunan ne muka zubar gaba ɗaya. Da muka duba da kyau, sikirinshot ɗin littafin bashi daga shagon gaske aka ɗauko shi, ga sunayen mutane ga abin da ake bin su ga maganin da suka karɓa, wannan kuwa ba abin da za a ɗora a rumbun da duk duniya ke gani ba ne, kuma Git ba ya mantuwa, in ka goge ma yana nan a tarihi. Allah Ya sa ba a riga an tura ba. Muka ƙirƙiri shagon gwaji da sunayen ƙarya da kayan ƙarya, duk hoto daga nan ake ɗauka, PNG, a yanke iya wajen da ake magana a kai ba duk allo ba saboda nauyi. Zanen kwararar aiki kuma da Mermaid ake yi tunda rubutu ne shi ma, kuma GitHub na nuna shi kai tsaye tun 2022.

Akwai ranar da ɗan bautar ƙasa ya gyara kalma ɗaya PR ɗinsa ya nuna ya canza fayil duka, layi ɗari da wani abu. Ƙarshen layi ne, Windows na sa alama biyu Linux na sa ɗaya. Layi ɗaya a fayil ɗin saitin Git mai suna .gitattributes ya kashe maganar. Kwanan wata a saman takardu kuma shekara sannan wata sannan rana, tsarin ISO 8601, dan kar a sake tambayar 03/04 Maris ne ko Afrilu.

Tsarin foldoji bai ba mu wahala ba dan aro muka yi. Diátaxis na Daniele Procida ya raba bayani gida huɗu: darasin mai farawa, yadda ake yin wani aiki takamaimai, bayanin duba-ka-wuce irin jerin saituka, da kuma bayanin dalili. Amfaninsa gare mu shi ne ya nuna mana ciwon tsohuwar jagorar, ana cikin koya wa mutum shigar da kaya sai a kauce a shiga tarihin dalilin da ya sa ake fara sayar da wanda ya fi kusa lalacewa, mai shago kuwa ga layi a gabansa mataki na gaba kawai yake nema. Sai dai ba mu bi shi kaman karatun allo ba, foldar dalili shafi uku ne kacal a ciki kuma ba mu damu ba, ta "yadda ake" ita ce ta cika ta batse dan nan ne mutanenmu ke zuwa.

Takardar bango da Anti ta fara magana a kai ba mu watsar ba. Daga Markdown ɗin Pandoc ke fitar mata da docx, ta buɗe ta buga ko ta mayar PDF ta tura a WhatsApp, da sharaɗi ɗaya wanda na rubuta da manyan haruffa: ba a gyara a cikin docx ɗin, in an ga kuskure a koma tushe. Fon ɗin ma sai da aka zaɓa, dan bugun farko a wani shagon kwamfuta duk inda ƙ take akwati ne ya fito. Noto Sans muka tsayar, Charis SIL in ana son mai kama da na littafi, duka biyun kyauta ne kuma suna da haruffanmu, kuma PDF ake kaiwa shagon bugu ba docx ba dan fon ɗin ya tafi a ciki.

Dokokin dubawa gajeru ne. Duk PR da ya canza abin da mai shago ke gani a allo ba a haɗe shi sai da gyaran bayaninsa a ciki. Wanda ya rubuta kod ba shi ke amincewa da bayanin ba, Anti ko ɗalibar Zariya ce za ta bi matakan a shagon gwaji ta ga ko sun kai ta inda aka ce. GitHub Actions na gina shafin da saitin tsanani a kowane PR, in akwai mahaɗi zuwa fayil ɗin da babu shi sai ya nuna ja. Saƙon murya ba a hana ba, ai ba zai hanu ba, amma duk wanda ya yi tambayar da ta jawo saƙon shi zai rubuta amsar a rumbu, ko da a gurguje ne wani ya gyara. Kod ɗin na ƙarƙashin lasisin MIT, rubutun kuma CC BY 4.0, dan wata ƙungiya in tana so ta buga ta raba ba sai ta nemi izini ba, ta dai ambaci inda ta samo. Duk wannan na tattara a CONTRIBUTING, fayil ɗin dokokin masu sa hannu, shafi ɗaya da rabi, da wani fayil daban mai kwanan wata da ke faɗin abin da aka zaɓa da abin da aka ƙi da dalili, saboda sabon shiga kar ya zo ya tayar da maganar Docusaurus daga farko.

Harshe ne bai gama warwaruwa ba. Mun yarda bayanin masu shago da Hausa ake fara rubuta shi, na masu kod da turanci, wannan ba gardama. Amma mutumin Maraɗi yana son na Faransanci saboda ma'aikatan lafiya a can da shi suka yi karatu, kuma wasu a Sabon Gari na son na turanci. Yanzu folda uku ce, ha da en da fr, kowane shafin fassara a samansa an rubuta lambar kwamit, wato lambar da Git ke ba kowane gyara, ta shafin Hausar da aka fassara daga gare shi, in na Hausa ya motsa sai a gwada lambobin a san an bar shi a baya. Da hannu ake yi kuma tuni fr ta fara ja da baya, shafin littafin bashi na Faransanci har yanzu tsohon allo yake kwatantawa. Gettext na Sphinx da jimla-jimla yake bin irin wannan ya nuna maka daidai wadda ta tsufa, manhajar fassara ta Weblate ma za ta ba mai fassara damar yi a burauza. Malam ya riga ya buɗe reshe, wato kwafin gwaji a gefe, yana gwada MyST a kan foldar "yadda ake" ba tare da ya taɓa rubutun Anti ba, mun sa maganar a mitin na bayan sallah.